Motar da Ta Daina Ribas

Ƙofar Galadima, Birnin Zariya
11 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Radiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya sanyin Gembu, yaya shanun mutane da kika tafi yi wa allura? Mu nan mun yi Sallah lafiya. Gwaggonki Mariyamu tana gaishe ki. Gwiwarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. 'Yata Raihana ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura miki, tunda kin san kunnena ba ya jituwa da waya.

Mahaifiyarki, Yaya Hajo, tana samun sauƙi. Tun da kika bar mini motar marigayi mahaifinki, wadda kuke kira Dattijuwa, Talata ko ɗaya ban tsallake ba. Ƙarfe bakwai da rabi nake shiga lungunku da baya-baya har ƙofar zaure, a ɗauko ta a kujera a sa ta, mu nufi asibitin Shika wajen gashin ƙafa. Mai gashin ta ce ƙafar hagun da shanyewar jiki ta taɓa ta fara amsawa. Amma ta ja mana kunne cewa idan aka yi fashi jijiyar za ta sake ƙagewa, aikin wata huɗu ya koma baya. Yaya Hajo ba ta son zuwa, kullum sai ta yi mita, amma da ta ji ƙarar motar sai ta nemi mayafinta.

To, ga dalilin takarda. Jiya bayan mun dawo na buɗe gaban motar ina duba ruwa, sai na zaro sandar awon man giya. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Baƙi ƙirin kamar tawadar da ta shekara a kurtu, ga ƙauri. Na kai wa Nafi'u mijin Raihana a garejinsa na Kufena, ya shinshina ya girgiza kai. Ya ce mota mai otomatik ta ci kilomita dubu ɗari uku da tamanin ba a taɓa canja mata man giya ba, wannan zalunci ne. Yana da sabon inji da yake zuƙe tsohon man duka, ya tura sabo ja jawur, ya wanke cikin tas.

Ina neman shawararki, tunda motar gadonki ce. Kakana da kakan mahaifiyarki wa da ƙane ne kawai, amma kika tsallake na kusa kika miƙo mini mukulli. Shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakarda a kotu, ban taɓa mayar da amana da datti ba. Ina so ki dawo ki same ta ta fi yadda kika bar ta.

Kawunki,
Jibril

*

Ƙofar Galadima
28 ga Yuni

'Yata Radiya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai ruwa da ya sauka sosai, har katangar bayan gida ta fara zama abin kallo. Yaya Hajo ta ɗaga ƙafar da kanta sau uku ranar Talata, ta kuma zagi mai gashin sau biyu.

Yau kwana goma sha bakwai da takardata, ban ji daga gare ki ba. Ban yi fushi ba, na fahimta. A gidanmu idan babba ya nemi shawarar ƙarami, ƙaramin ya yi shiru, an san ma'anarsa: ya yarda, kunya ce ta hana shi ya nuna kamar shi ke ba da izini. Na ma ce wa gwaggonki, yarinyar nan da digirinta da komai tarbiyya ba ta bar ta ba.

Saboda haka shekaranjiya Alhamis aka yi aikin. Da kin ga injin nan da kin yi sha'awa. Tiyo biyu ne, ɗaya na fitar da baƙi, ɗaya na shigar da ja, ina zaune a benci ina kallo har baƙin ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasan ya koma ja. Nafi'u ya nuna mini abin da ya fito, har da wani gari-gari a ciki. Na ce, Allah Ya jiƙan mahaifinki Malam Abdulwahab, mutumin kirki ne, amma wannan ƙazantar ya yi shekara goma sha tara yana yawo da ita. Tsohon man ban bar shi a gareji ba, na sa an zuba mini a jarka na taho da shi, don ba na son almubazzaranci.

Yanzu idan kika zaro sandar sai ki ga kamar zoɓo. Ba sai kin gode ba.

Kawunki,
Jibril

*

Gembu
2 ga Yuli

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Gwaggo da Raihana. Lafiyata ƙalau, sai mura. Na gode da ɗawainiyar Inna, Allah Ya saka da alheri.

Kawu, sati uku na yi a rugage bayan tsauni, inda ko rediyo ba ta kamawa. Jiya da rana na sauko gari, wayata ta buɗe, takardunka biyu suka shigo tare. Na karanta ta farko ina cewa bari in yi maza in amsa. Na karanta ta biyu na nemi wuri na zauna. Shiruna ba yarda ba ne, ban ga takardar ba ne kwata-kwata.

Ranar da na kawo maka mukulli, a zaurenka, na yi maka maganar man giyar nan. Abu ɗaya ke nan da na roƙa. Ban ce kada a ɗauki buhu ba, ban ce kada Nafi'u ya tuƙa ba, man giya kawai na ambata.

Bari in faɗi dalili, ko da ya zo a makare. A cikin giyar otomatik akwai wasu faifai da ke kama juna su ja mota. Na Dattijuwa sun cinye tuntuni. Garin nan da Nafi'u ya nuna maka jikinsu ne da ya goge ya zauna a cikin man, kuma shi ne yake ba su kaushin da suke riƙe juna da shi. In aka kwashe shi gaba ɗaya aka zuba sabo mai santsi, sai su fara zamewa. Injin wankin kuma yana tayar da dattin da ya kwanta ya cusa shi a ƙananan hanyoyin mai. Ba ni na ƙirƙiro ba. Malam Yari, bakaniken Baba na bayan kasuwa, ya faɗa a gabana ba sau ɗaya ba. Shekara shida ina tuƙa motar nan bayan rasuwar Baba, ina ganin baƙin man nan duk wata, ina mayar da sandar in rufe. Ba rashin ido ba ne.

Raina ya ɓaci, Kawu, ba zan ɓoye ba. Ba don ƙarfe ba. Ƙafar Inna tana rataye ne a jikin motar nan. Don Allah daga yau a bi ta a hankali, kada a hau babban titi da gudu. Idan ka ji injin na ihu amma motar ba ta ƙara sauri, ko ka sa giya ta yi jim kafin ta kama, ka tsaya a nan ka aika wa Malam Yari. Kada a mayar wa Nafi'u.

'Yarka,
Radiya

*

Ƙofar Galadima
4 ga Yuli

Radiya,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ki sha citta saboda murar.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun da tabarau. Ban san an kai zamanin da mutum zai yi gyara a saka masa da darasi ba. Ni na yanka ragon sunanki da hannuna, yau ke ce kike koya mini faifai.

Kin ce kin roƙe ni. Aikina ne rubuta abin da aka faɗa kamar yadda aka faɗe shi, kuma har yau kaina bai ruɗe ba. Ga abin da kika ce, kina duban tabarma, kina murza bakin mayafi: "Kawu, man giyar nan, Baba dai bai cika son a taɓa shi ba." Shi ke nan. Ina roƙon a nan? Ina hanin? Marigayi bai cika son a taɓa komai ba. Rediyonsa da aka ɗaure da roba bai so a taɓa ba. Rufin ɗakinsa ya yi damina uku yana yoyo bai so a taɓa ba. Ni na ɗauka uzuri kike ba shi, kina jin nauyin in ga sakacinsa. Har na ji tausayinki, na ce a raina zan rufa wa mamaci asiri in gyara ba tare da surutu ba.

Sannan maganar Nafi'u. Surukina ne, ya yi koyo shekara biyar a Kaduna, yana da takarda a bango. Kin ce in tsallake shi in je wa Yari, wanda ko allon gareji ba shi da shi, a gindin darbejiya yake kwanciya a kan kwali. Da wane ido zan dubi Raihana? Ke likitar shanu ce, Allah Ya ƙara basira, amma ban ji an ce an ƙara miki da motoci ba.

Motar tana nan lafiya lau, ranar Talata mun je mun dawo. Gaskiya idan na sa ribas takan ɗan yi tunani kafin ta tafi. Nafi'u ya ce sabon mai ne bai gama zagayawa ba. Ni ma in aka ba ni sabon takalmi sai na kwana biyu kafin in saba.

Jibril

*

Gembu
23 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ni ba lafiya ba, tunda kwana goma sha tara ke nan ban ga rubutunka ba. Takardu biyu na turo, shiru. In bi ƙa'idar gidanmu in ce shirun nan yarda ne?

Yau na hau tudu na samu Gwaggo Mariyamu a waya, ita ta faɗa mini abin da ka rufe. Ranar takwas ga wata Dattijuwa ta tsaya cik a Ƙofar Doka, injin na ihu, mota ba ta motsi, Inna na ciki. Masu Keke suna ta hon. Sai da maza huɗu da ba ta taɓa gani ba suka ciccibo ta a gaban jama'a, zanenta na zamewa, suka cusa ta a Keke. Matar da ta shekara hamsin ko muryarta ba a ji daga zaure ba. Gwaggo ta ce tun ranar Inna ta yi rantsuwa ba ta ƙara shiga abin hawan da ba na Malam ba. Ka kawo motar maƙwabci ta juya fuska bango. Talata uku ke nan ba gashi, kuma ƙafar ta fara ƙin miƙewa. Motar kuma tana Kufena, Nafi'u ya sake wanke ta karo na biyu.

Karo na biyu, Kawu.

Na nemi izinin tahowa an hana ni, ana tsakiyar rigakafi, hanya kuma ta yanke a wuri biyu. Ina nan ina ɗaure ƙafafun shanun wasu, ƙafar uwata na ƙagewa a Zariya.

Ka ce ban hana ba. Gaskiya ne, kalmar ba ta fito ba. Ta yaya zan dubi mutumin da ya yanka ragon sunana in ce masa kada? Ku kuka koya mana a zagaya, mu zagaya kuma a ce ba mu faɗa ba. To yau zan faɗa, Allah Ya yafe mini rashin kunya. Kada Nafi'u ya ƙara taɓa motar nan. A jawo ta da igiya a kai wa Malam Yari gobe. Kuma ka rubuto mini duk abin da ya ce, mai daɗi da marar daɗi.

Radiya

*

Ƙofar Galadima
27 ga Yuli

'Yata Radiya,

Sallama. Jikina lafiya, raina ne dai ba daɗi. Ban rubuto ba saboda ina jiran in samu labari mai kyau in haɗa da marar kyau. Bai zo ba.

An kai motar wajen Yari ranar Alhamis. Raihana ba ta yi mini magana ba tun ranar, hoton takardar nan ma gwaggonki ce za ta ɗauka, in kin ga ya karkace ki yi haƙuri. Yari ya zaro sandar, ya ga ja, ya dube ni kamar na kashe masa ɗa. Ya ce, "Malam, wa ya aike ka?" A gaban mutane. Na haɗiye.

Amma tunda kin ce in rubuta duka, ga duka. Ya ce asalin laifin na marigayi ne. Da tun motar na da ƙuruciya ake canja man a kan lokaci, da ba a zo nan ba. Ya ce ya yi ta faɗa masa har ya gaji, da lokaci ya ƙure ne ya koma cewa a bar shi haka. Ya ce ko yanzu da an zo wurinsa, da lita uku kawai zai tsiyaye ta ƙasa ya mayar da sabo lita uku, a yi wata ana tafiya, a sake, ba a yi mata wankan gawa rana ɗaya ba. Kalmarsa ce. Ki lura dai ba ni kaɗai ba ne a cikin shari'ar nan.

Gyara na gaskiya sai an sauya giyar ɗungurungum, irin tata kuma ta yi wuya, ya aika a nemo a Kaduna, ba ranar zuwa. Sai ya tambaye ni ina tsohon man. Ya ce in aka mayar da lita huɗu daga cikinsa, wataƙila ta kama ta yi 'yan watanni. Ya ce ba magani ba ne, jinkiri ne, kuma bai yi alkawari ba.

Nan fa ake yin ta. Kin san damina ce, gara ta tashi, kuma kin san baƙin mai ake shafa wa azara da ƙyaure. Abu ya shigo gida, maƙwabta sun gani, ba a cinye shi a ɓoye. Tun washegarin da na kawo jarkar gwaggonki ta ɗura a gorunan roba aka rarraba gida biyar.

Jiya na bi gida-gida ina karɓar kyautar da na bayar. A shekaruna. Malam Abubakar ya shafe nasa tas a rufin zaure, ya ma ja ni ya nuna mini yadda ya yi ƙyalli. Mustapha tela ya sirka nasa da kananzir, Yari ya ce a zubar. Na liman ya tafi a ƙofofin masallaci, wannan ba mai tambaya. Hajiya Ramatu ta dawo da lita ɗaya, ta bi ni da kallon da ba zan manta ba, ta ce da ta san aro ne da ba ta karɓa ba. Da ragowar lita ɗaya ta gidana, biyu ke nan.

Gida na biyar naku ne. Lita biyu aka kai wa Yaya Hajo saboda ɗakin marigayi. Na tambaye ta, ta ce an shafa. Na ɗaga kai na duba azarar, a bushe take. Na sake tambaya, ta ce barci take ji. Ni ba zan iya binciken ɗakin yayata ba. Talata ta huɗu na tafe.

Kawunki,
Jibril

*

Gembu
29 ga Yuli

Kawu,

Na gaishe ka, kuma sannu da yawon gidaje. Na san abin da ya ci maka. Maganar Malam Yari a kan Baba ta yi mini zafi, na kwana ina jin haushinsa, na tashi na ga gaskiyarsa. Amma Baba ya bar mota tana tafiya, wannan kuma kada a manta da shi a shari'ar.

Man yana nan, Inna ba ta shafa ba. Ka tuna kowace safiya Baba sai ya zaro sandar nan ya murza man a yatsa, ya goge a ƙyallen da ke aljihunsa, sannan ya shigo karin kumallo? Hannunsa, hularsa, har kofin shayinsa ƙaurin nan suke yi. Inna ta yi ta faɗa a kai shekara da shekaru. Bayan rasuwarsa na wanke ƙyallen ba da saninta ba, ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata.

Kada ka tambaye ta ina yake. Ka je da Gwaggo, ka zauna, ka karanta mata wannan: Inna, ni ce Radiya. Na san yana ƙarƙashin gado bayan kwalla. Ba zan ce ki bayar ba. Amma in ya zauna a gora, ke ma kin zauna ke nan, ni kuma ina so in dawo in same ki a tsaye.

In ta ƙi, a ƙyale ta.

Radiya

*

Ƙofar Galadima
6 ga Agusta

'Yata Radiya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Raihana ta dawo gaishe ni, da guntun baki dai.

Na yi yadda kika ce. Na karanta mata har ƙarshe. Sai ta ce, "Yarinyar nan ta cika sa ido, halin ubanta." Ta nuna wa gwaggonki ƙarƙashin gado da sanda. Gora biyu, an naɗe su a tsohon rawanin marigayi. Kafin a fita da su ta sa aka ɗiba mata kaɗan a kwalbar turare. Na fita zaure na ɗan tsaya.

Yari ya tsiyaye jan lita huɗu ya mayar da baƙin. Ina tsaye ina kallon ana zuba dattin da na yi alfahari da fitarwa, da mazurari, a hankali kamar ana ɗura zuma. Ya tayar, ya jira, ya sa giya. Ta yi jim, ta yi jim, sannan ta ja. Giyar gaba duk sun kama, in dai ba a matsa mata ba. Ribas kuwa ya tafi, Yari ya ce ba zai dawo ba.

Kin san abin da wannan ke nufi a cikin birni. Duk inda zan je sai na lissafa mafita kafin in shiga. Shekaranjiya na wuce ƙofar gidana da taku biyar, sai da na zagaya ta fada na dawo. Masu shago sun gane, in na wuce sai su ɗaga hannu su ce a sauka lafiya, sai an zagayo.

Babbar matsalar lungunku ne, tunda ba ya ɓullewa. In na shiga ba fita. Jiya Talata na tsaya a bakin lungu, na auna da ƙafata daga nan zuwa zaure, taku arba'in da ɗaya. Na ce a ɗauko ta a kujera. Ta ce ita da a sake ɗaga ta a sarari mutane na kallo, har abada. Na ce to motar ba ta iya zuwa. Ta ce, "Da can da ba ka taɓa ta ba ai tana zuwa." Gwaggonki ta yi dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Ta dafa sanda, gwaggonki ta riƙe ta ta hagu, ta yi taku tara, tana zagina a kowane ɗaya. A na tara ƙafar ta ƙi. Matan lungu suka fito suka kare ta da zannuwa, su suka ƙarasa da ita a kujera, ba namiji ko ɗaya. Mai gashin ta yi faɗa sosai, ta ce fashin wata guda ya ci rabin abin da aka samu. Na ce mata laifina ne. Na rubuta miki shi nan ma, don ya zama a rubuce.

Kawunki,
Jibril

*

Ƙofar Galadima
3 ga Satumba

'Yata Radiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga gajerun saƙonninki wajen Raihana, na san kina bin lissafin takun Yaya Hajo: sha huɗu, ashirin da biyu, sannan sha tara ranar da aka yi ruwa ƙasa ta yi santsi. Abin da ba ki sani ba, Yaya Hajo ta sa gwaggonki tana zuwa kullum da hantsi suna gwadawa a tsakar gida, wai ba za ta bari Hajiya Ramatu ta riƙa ƙirga mata taku ta taga ba. Jiya ta yi talatin da uku. Da ta shiga motar ta shinshina ta ce, yanzu ta dawo motar Malam.

Ga dalilin takarda. Yari ya samu giyar a Kaduna, ya duba ya ce mai kyau ce. Ya ce baƙin man ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta fara zamewa a hawan gada, kada a wuce sati biyu. Na gaya wa Yaya Hajo za a gyara, mota za ta koma zuwa har ƙofar zaure. Ta ce a gyara, amma in na kuskura na shigo mata lungu sai ta fasa gilashin da sanda. Saura taku takwas, ba za a ƙwace mata su ba.

Duk da haka ban ce wa Yari ya fara ba. Motar gadonki ce. Ina neman amsarki, e ko a'a, a rubuce, ba Baba ya cika so ko bai cika so ba. In kin yi shiru, shiru zan ɗauke shi, in zauna in jira ko da motar za ta mutu a ƙofar gida.

Kawunki,
Jibril

*

Gembu
5 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ka da kowa da kowa. Na hau tudu tun da safe don kada wannan ta makara.

E. A saka giyar. Malam Yari zai saka, kuma daga yau a riƙa canja man a lokacin da ya ce, kaɗan-kaɗan yadda ya ce. Tsohon man da zai fito kada a raba wa kowa, ko liman ne. A kai wa Inna duka.

Har yanzu ina jin haushin watan nan guda da aka rasa, kuma na san kai ma kana jin haushin takardata ta Yuli. Mu riƙe abinmu, in na zo ma yi faɗan a zaure, ido da ido, ba zan dubi tabarma ba.

An ba ni hutu ranar ashirin da shida. Kada ka zo tasha, zan hau Keke. Ka kawo motar bakin lungu ka kashe ta, ka gaya wa Inna ƙarfe huɗu. Rabona da in ga tsawonta tun kafin azumi, na fara mantawa ko ta fi ni ko na fi ta. Zan tsaya a jikin motar, ba zan taho ba ko taku ɗaya, ita za ta zo.

'Yarka,
Radiya